Inshorar lafiya ta Taiwan: yadda na gan ta da maigidana ya kamu da nimoniya

Masu shirin zuwa Taiwan aiki ko karatu kan tambaye ni ko kuɗin inshorar da ake yanka a albashi yana da amfani. Amsata ita ce e, kuma jinyar maigidana ce ta sa nake faɗin haka.

Tun ranar 1 ga Maris 1995 gwamnati ta haɗa kowa a asusu ɗaya. Kafin nan kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasar ba su da inshora, yawancinsu yara da tsofaffi, su ne kuwa nimoniya, wato ciwon huhu, ta fi kayarwa. Yanzu sama da kashi 99 suna ciki. Baƙon da ya zo aiki yana shiga daga ranar da ya kama aiki, ɗalibi kuma sai ya yi wata shida da takardar zama. A tsakanin nan ka nemi wata inshorar, kada ka zauna haka.

Tari ne ya fara masa da zazzaɓi, sai kaki ya koma ruwan tsatsa, in ya ja numfashi gefen ƙirji ya soke shi. Mutum ne mai taurin kai, ya so ya ƙara kwana. Na ce, "Baban yara, kuɗin fa an riga an cire, me kake jira?" Bai sami abin cewa ba, ya ɗauki katinsa na inshora. Likitan unguwa ya sa katin a na'ura, magungunan da aka taɓa rubuta masa suka fito a kwamfuta, sannan ya maƙala masa ƙaramin abin auna iska a yatsa. Lambar ta tsaya a 89, alamar oksijin ya yi ƙasa a jininsa. Bai ƙarasa sauraren ƙirjin ba ya fara rubuta takardar tura mu babban asibiti.

Nan ne darajar abin take. Nimoniya ba ta buƙatar wani magani na ban mamaki, zuwa asibiti da wuri take buƙata. Ƙwayoyin cuta na cika jakunkunan iska na huhu da ruwa da mugunya, oksijin ya ragu a jini, in aka yi jinkiri cutar ta bazu cikin jini ta taɓa ƙoda da zuciya. Wanda yake lissafin aljihu yakan zo ne bayan an kai wannan matakin. Mu kuwa an ɗauki hoton ƙirji, an ɗebi jini, an sa masa robar oksijin a hanci, allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jijiya, duk ba wanda ya ce mu fara biya. Sai ranar sallama muka ba da kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwanciya, wanda shi ne ƙa'ida ga kwanciyar da ba ta wuce kwana 30 ba.

Amma kada a ɗauka aljanna ce. Sauƙin kuɗi ya sa manyan asibitoci cika maƙil, mun kwana a kan gadon turawa a baranda kafin a sami wuri a ɗaki. Nas-nas suna da kirki amma aiki ya yi musu yawa, wanka da ciyarwa da juya marar lafiya duk na dangi ne, ko ka ɗauki mai jinya da kuɗinka, inshora ba ruwanta. Ni da nake da ƙananan yara, wannan ya fi komai ba ni wuya.

Kuma duk da wannan tsari, a yawancin shekarun nan nimoniya ce ta uku wajen kashe mutane a Taiwan, bayan kansa da ciwon zuciya. Tsofaffi sun yi yawa. Dattijon da ke gadon kusa da mu abinci ne yake sarƙe shi ya gangara huhu, an ce ya sha dawowa. Kati ya kawo shi da wuri kowane karo, amma bai gyara masa haɗiya ba.

Ga mai zuwa: ka riƙa yawo da katin, ka fara da likitan unguwa don abin da za ka biya a babban asibiti ya fi sauƙi in da takardar turawa, ka kuma san wanda zai kwana da kai tun kafin ciwo ya zo.