Wace laftof za ka saya in kana son harhaɗa Thunderbird daga tushe?

Ɗalibin Jami'ar ATBU ko mai koyon Linux a garin Bauchi da ke son harhaɗa manhajar imel kamar Thunderbird ko Claws Mail da hannunsa, wato ya gina ta daga lambobinta na asali, ya sani cewa ba kowane kuskure ne ke fitowa daga lambobin manhajar ba. Wani daga kwamfutar yake, tun ranar da aka saye ta.

In Claws Mail ce, kowace laftof za ta ɗauka. Matsalarta yawanci rashin kayan haɗi irin libetpan-dev ko libgtk-3-dev ne, kuma apt build-dep claws-mail zai kawo su. Thunderbird kuwa sai da shiri. Akwai harsunan C++ da Rust a cikinta, tana son wajen gigabait 30 a faifai, ga cin ram. Ka buga ./mach build, aiki ya yi nisa, sai ka ga "Killed" ko SIGKILL. Ram ne ya ƙare, Linux ta kashe aikin. Za ka iya lallaɓawa da -j2 (aiki biyu kawai a lokaci ɗaya) da ƙarin swap (wurin faifai da ke tsaya wa ram), amma ka shirya kwana kana jira.

Shi ya sa nake cewa ThinkPad T480 ta hannu, wadda ta fito a 2018. Da furosesa i5-8250U ko i5-8350U tana da kwakwalwa huɗu, kuma gurbin ram biyu ne, duka ana cirewa. Ka fara da gigabait 8, kuɗi ya samu ka kai 16 ko 32. Abin da ya fi burge ni batiri biyu ne, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da za ka sauya ba tare da ka kashe ta ba. Wanda aka taɓa ɗauke wa wuta aiki na dab da ƙarewa ya san darajar wannan. Ga Debian da Ubuntu suna hawa kanta lami lafiya. A zafin watan Afrilu dai ka sa a goge fankarta, a sabunta man da ke kan furosesa.

EliteBook 840 G5 da Latitude 5490 ba laifi, sai dai batirinsu ɗaya. T480s wani ɓangaren ram ɗinta a manne yake. Sabuwa fil mai Celeron da ram 4, kada ƙyallin kwali ya ruɗe ka.

Sai batun cuta, wanda ya fi zaɓen samfuri muhimmanci. Za a nuna maka tambarin i7, a ce "Oga, wannan ta fi." i7-7600U na T470 kwakwalwa biyu gare shi, i5 na T480 ya fi shi saurin wannan aiki. Je da filashi mai Linux, ka buga lscpu a gaban mai kaya, ka ga yawan kwakwalwar furosesan.

Mafi muni shi ne lalataccen ram. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da laftof da ke kunnawa lafiya, tana buɗe komai, amma da an fara harhaɗawa sai "Segmentation fault", yau a wannan fayil, gobe a wancan. Kuskuren lambobi wuri ɗaya yake tsayawa. Mai yawo, ram ko zafi za ka tuhuma. Memtest86+, mai gwada ram, ya cika allo da ja, shi kuwa ya ce kaya ya riga ya bar shago. Don haka ka bar gwajin ya zagaya sau ɗaya cikakke kafin ka biya, ko da zai kai ku la'asar. In ya ƙi, tashi abinka.

Shiga BIOS, saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta, ka tabbata ba a kulle ta da kalmar sirri ba, domin ta ThinkPad cire batiri ba ya goge ta. Duba sa'o'in da SSD ya yi aiki da smartctl. Buga upower -d ka ga batiri biyu sun bayyana, don akwai masu zuwa babu na ciki. Bayan gwaji kuma kada a shiga da ita ɗakin baya da sunan goge ƙura, a nan ake musanya ram da caja. A rubuta maka lambar jikinta da yawan ram a kan rasit.