Rak ɗin sitiyarin da na saya wa 'yar motata: yana aiki, amma ba "ɗaura ka tafi" ba ne

Toh jama'a, an kusa shekara kenan da na ɗaura sabon rak ɗin sitiyari, wato sandar ƙarfe mai haƙora da ke tura tayoyin gaba hagu da dama in ka murɗa sitiyari, a motar nan da na haɗa a gareji, na yi tafiyar da ta haura mil 2,000 da shi, don haka yanzu zan iya faɗin abin da na gani ba tare da na ɗauki alhakin kowa ba. Ga wanda bai san labarin ba, a arewacin Ingila nake zaune, kuma shekara uku da wani abu na kwashe ina haɗa irin motar da ake kira Locost, wato kwaikwayon Lotus Seven ɗin nan ta Colin Chapman da ta fito a 1957, wadda Caterham suka sayi haƙƙin ƙera ta a 1973 har yau kuma suna yi. Kujera biyu, ba ƙofa ba rufi, firam ɗin kai za ka yanka ƙarfe ka yi waldarsa, inji da giya da burki ka ciro daga tsohuwar mota. Nawa daga Ford Sierra na ciro. Maman yara makara mai taya huɗu take ce mata, ni dai ban taɓa tankawa ba.

Da farko ban ma yi niyyar sayen rak ba. Na ce ai ga na Sierra nan a banza, me zai sa in kashe kuɗi. Matsalar ita ce ya yi wa motar tsawo, kuma tsawon da nake nufi ba wai ba zai shiga ba ne, zai shiga tsaf. Kowane gefe na rak akwai boljoyin na ciki inda tayarod, wato sandar da ke haɗa rak da taya, ke lanƙwasawa, to dole wannan gaɓar ta faɗo a kan layi ɗaya da inda hannun sama da hannun ƙasa na taya suke manne da firam, hannun ƙasan shi ne wanda makanikai ke cewa lowa am. In ba su daidaita ba, duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami sai tayarod ya zana nasa da'irar daban, hannuwan su zana tasu daban, taya ta juya da kanta kai kuma ba ka taɓa sitiyari ba. Shi ne abin da Turawa ke kira bom sitiya. A babbar mota mai nauyi ƙila ka ɗan ji shi sama-sama, a motar da ba ta kai kilo 600 ba kuwa wallahi sai ta nemi ta watsa ka gefen titi.

Sai na ce bari in rage shi. Masu yi da kyau ba walda suke wa sandar ciki ba, don ƙarfe ne mai tauri da in wuta ta taɓa shi ba ka san inda zai karye ba, yanke shi ake daga gefen da babu haƙora a sake huda shi a fitar da sabon zare, sannan a rage gidan ma daidai da haka. Na kai wa wani mai injin sassaƙa ƙarfe, ya karɓi fam 60, ya yi sati uku, da na karɓo na ga hudar ta karkace kaɗan, in ka ɗaura boljoyin sai ka ga ya kalli gefe. Na koma ya ce ai haka ake yi ba zai hana komai ba. Hmm. Sitiyari fa, ba madubin gefe ba. Ban ja zance ba na kwashi kayana, araha dai ba ta ado.

Daga nan ne na yi odar sabon rak irin na Ford Escort Mk2, wanda shi ne akasarin masu haɗa wannan mota ke sawa tun asali saboda gajere ne kuma a gaban taya yake zama kamar yadda firam ɗin ke buƙata. Ita Escort ɗin kanta tun 1980 aka daina ƙera ta amma saboda 'yan tseren rali har yanzu ana buga sabbin kayanta. Mai shagon ya ba ni zaɓi, akwai mai zagaye 2.9 akwai mai 2.4, wato yawan juyin da za ka yi wa sitiyari daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama. Na asali da na taɓa ƙirgawa a motar wani abokina zagaye uku da rabi ne. Ni da zumuɗi na ce a ba ni 2.4, ai motar gudu nake haɗawa ba motar kai yara makaranta ba. Fam 140 har da kuɗin kawowa, kwana huɗu ya iso.

Abin da na gani da na buɗe kwali: aikin ƙarfen ba laifi gaskiya, haƙoran sun fita tas, babu girgiɗi ko kaɗan. Amma giris ɗin da ke ciki kamar an shafa da ɗan yatsa don kar a ce ba a sa ba, robobin gefe masu hana ƙura kuma sirara ne sosai, ɗaya ya tsage kafin wata biyar sai da na sake. Ba a haɗo da kan tayarod ba kuma ba su faɗa a tallar ba. Sannan ya zo a ɗaure tamau, da hannu da ƙyar kake juya shi. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, wanda ya fi ba ni haushi shi ne rubutun da suka yi cewa kai tsaye yake hawa. Kai tsaye a kan Escort ƙila. A tawa da ƙafafun gaba na Sierra ne sai da na sayi ƙarin tsawo na tayarod guda biyu, na sayi sabon joyin da zai haɗa shi da sandar sitiyari don haƙoran gindinsa ba irin na Sierra ba ne, kafin in farga wani fam 70 ya tafi.

Inda aikin yake na gaske shi ne tsayin da za ka zaunar da shi. Wani dattijo Bature maƙwabcina, tsohon makanike ne da ya yi ritaya, shi ya nuna min dabarar, Allah ya saka masa. Ka ɗaga gaban mota, ka cire sifirin da shokozoba, ka ɗaure sitiyari kar ya motsa, ka liƙa 'yar fitilar leza a jikin faifan burki tana haska bango, sai ka sa jak kana ɗaga ƙafar sama da ƙasa kana alama da fensir. In ɗigon hasken na tafiya a miƙe sama da ƙasa to lafiya, in yana karkata gefe to tayarka na juya kanta. Nawa ranar farko abin dariya, kamar yaro na koyon rubuta baƙin lam. Muka dinga cusa wosha ƙarƙashin rak ɗin muna sake gwadawa, milimita biyu, huɗu, takwas ya wuce, muka dawo shida ya zauna. Asabar uku muka ci a kan milimita shida, cikin sanyin Fabrairu, hannu ba ya ko riƙe sifana. Daga baya na sa aka yanko min farantin ƙarfe mai wannan kauri na cire woshoshin.

Akwai kuma wata, in ka murɗe sitiyari har ƙarshe taya na gugar hannun ƙasa, tiyon burki ma yana miƙewa, sai da na sa zoben roba mai tauri a kowane gefe na sandar don ya tsaya kafin ya kai can. Wannan ko ba don komai ba dole ne saboda gwajin IVA, wanda duk motar da mutum ya haɗa da kansa sai ta ci shi kafin a ba ta lamba a nan. A gwajin suna duba ko sitiyari na ƙoƙarin dawowa tsakiya da kansa bayan an sha kwana, to sabon rak mai tauri shi ne babban abokin gaban wannan. Na ɗan sassauta abin da ke danne sandar, na cika shi da giris, na zauna ina murɗa shi hagu da dama kamar mai tuƙa tuwo har ya saki, na kuma ƙara wa ƙafafun gaba kwanciya baya wato kasta. Alhamdulillahi ta wuce.

A kan titi fa? A hanyoyin ƙauye masu kwana-kwana babu abin da zan ce sai sambarka, hannunka ba ya barin inda yake, ka ɗan karkata wuyan hannu mota ta riga ta shige, kuma kana jin duk abin da taya ke takawa har tsakuwa. Ranar da na kai ta filin tsere bayanta ya zame a wata kwana na kamo ta nan take, da rak mai uku da rabi ne da na juya na kalli inda na fito. Amma a babbar hanya in ka kai mil 70 sai ka natsu, ko atishawa ka yi ka canza layi, tafiyar awa biyu kafaɗu sun gaji. Wajen fakin kuma babu pawa, ga sitiyarina ƙarami, ga saurin rak da ke ƙara nauyi kusan rabin na asali, sai ka haɗa da gumi. Da yau zan sake saye 2.9 zan ɗauka ba ko tantama, 2.4 na wanda rabin rayuwar motarsa a filin tsere take ne. In maki ne ina ba shi bakwai cikin goma, biyu sun tafi a giris da robobi, ɗaya a ƙaryar kai tsaye.

Wani ƙanena a Kaduna da ke ta sha'awar haɗa irinta ya ce in aiko masa da irin wannan rak ɗin. Na ce masa a'a, nawa na sitiyarin dama ne, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyarin hagu ne. Ya ce ai sai ya kifa shi kawai. In ka kifa shi haƙorin da ke tura sandar ya koma ɗaya gefen, ka murɗa dama mota ta yi hagu. Haka ma in ya je Panteka ya ɗauko na Golf ko wata mota da rak ɗinta ke bayan taya ya dasa a gaba, abin da zai samu kenan. Na ce ya fara gama firam ya auno min tazarar da ke tsakanin mazaunin hannuwan taya tukuna, sai mu nemi na hagu. Har yanzu bai turo awon ba.