DOT 3 ko DOT 4: wanne za a zuba wa birki?

Alhaji, ka ce mai kayan mota a Magazin ta Suame, unguwar makanikai a Kumasi, ya miƙo maka man birki mai lamba DOT 4, alhali DOT 3 ka saba zubawa, kana tambaya ko dabarar cin kuɗi ce. Ba haka ba ne.

Tushensu ɗaya. Dukansu da sinadarin gilaikol-ita ake haɗa su, irin wanda masana'antu ke sawa a fenti da tawada da ruwan goge gilashi, don yana garwayuwa da ruwa, yana kuma narkar da maiƙo. Shi ya sa in man birki ya ɗiga a jikin mota aka bar shi, sai ka ga fenti ya kumbura ya saluɓe. A kwara masa ruwa nan take.

Wajen jure zafi suka rabu. Bisa ƙa'idar Amurka, sabon DOT 3 ba zai tafasa ba sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 kuwa 230. To amma dukansu suna zuƙar laima, ga shi Kumasi ba ta rabo da ita. In ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, na farko ya sauko 140, na biyu 155. Duba da kyau: tsohon DOT 4 bai kama ƙafar sabon DOT 3 ba. Ni na fi damuwa da shekarun man da ke cikin motarka a kan lambar da ke jikin kwalba. Kada ya wuce shekara biyu, kuma ragowar kwalbar da ta daɗe a buɗe, a zubar.

Mai zirga-zirga daga Kejetia zuwa Aboabo a cikin Kumasi, DOT 3 ya ishe shi, in shi aka rubuta a murfin mazubin man birki. Amma mai gangarowa daga tsaunin Kwahu zuwa Nkawkaw, mota maƙil da fasinja, ƙafa na kan birki, ya ƙara kuɗi ya sayi DOT 4. In mai ya tafasa ya zama tururi, za ka taka ƙafa ta nutse har ƙasa, mota na tafiya abinta.

Ana zuba 4 a motar da ta nemi 3, amma ba a zuba 3 a wadda ta nemi 4. DOT 5 kuwa, mai launin shunayya, na silikon ne, ba ya haɗuwa da su ko kaɗan. DOT 5.1 ne ɗan gidan 3 da 4.