Ejan ɗin da ya manta da fasfon matata

Shekara uku ina sayen tikiti a hannun ejan ɗin nan ban taɓa kuka da shi ba. Kira ɗaya yake ɗauka, kuma ba ya tsawwala farashi. Shi ya sa da muka tashi zuwa Cancun ta ƙasar Meziko ni da maiɗakina, wadda 'yar Bulgeriya ce, ban nemi kowa ba sai shi.

Ya yanka mana daga Sofiya zuwa Frankfurt, sai Houston ta Amurka, sannan Meziko. Duk hankalinsa ya tattara a kan koren fasfona na Najeriya. Ya duba katin zamana, ya duba bizar Amurka da ke ciki, har ya tuna mini cewa da ita Meziko za ta bar ni in shiga. Nan kam ya yi ƙoƙari. Da na ce matata fa, sai ya ce, "Haba Alhaji, Baturiya ce fa, kuma awa uku kawai za ku yi a Houston."

Da asuba a filin jirgin Sofiya ma'aikaciya ta juya fasfon matata, ta ce ba za ta hau ba. Bulgeriya tana Tarayyar Turai tun 2007, jiragenta sun shiga tsarin Shengen, na zirga-zirga tsakanin ƙasashen Turai ba binciken kan iyaka, tun 31 ga Maris 2024, amma ba ta cikin ƙasashen da Amurka ta yafe wa biza, don haka ko ESTA, wato izinin zuwa Amurka ba biza da ake nema ta intanet, ba a ba 'yan ƙasar. A Amurka kuwa ko jirgi kawai za ka sauya sai ka bi layin shige da fice. Bizar wucewa ake nema, C-1, dala 185, da ganawa a ofishin jakadanci. Wa zai samo wannan da ƙarfe biyar na asuba?

Tana tsaye riƙe da akwati tana share hawaye, mutanen layi suna kallonmu. Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Ejan ya ɗauki waya a lokacin, ya kuma samo mana jirgin da ba ya bi ta Amurka bayan kwana biyu. Da na fara rubutun nan tauraro uku na yi niyyar ba shi saboda haka. Amma mu muka biya cikon tikiti, kuɗin otal na kwana biyu ya bi ruwa, kuma maimakon ya ba ta haƙuri sai ya ce ai ita ya kamata ta san dokar fasfonta. To me nake biyansa lada a kai? Tauraro ɗaya. Ladan da ya ce zai mayar mana ma, wata huɗu ke nan shiru.