Faifan Nothing Like a Dame: don Maggie Smith na saya, kuma ban yi asara ba

Ranar 27 ga Satumban 2024 'yata ta shigo ɗakina da waya a hannu, ta ce, "Mama, malamar nan ta Harry Potter ta rasu." Ni ma a lokacin iyakar sanin da na yi wa Maggie Smith ke nan: tsohuwa mai doguwar hula a wancan fim, sai kuma dattijuwar nan mai kaifin harshe ta Downton Abbey. Da na ga labarin ya ce ta kwashe shekara sama da 70 tana sana'ar, sai na tambayi kaina, to ina sauran shekarun suka tafi? Abin da ya sa na sayi wannan faifan DVD ke nan.

Fim ne na hira da Roger Michell ya shirya a 2018, a Amurka ana kiransa Tea with the Dames, tsawonsa bai kai awa ɗaya da rabi ba. Ƙawaye huɗu ne, duk fitattun 'yan wasan kwaikwayo, aka zaunar a gidan Joan Plowright da ke karkarar Sussex a Ingila, gidan da ta zauna da mijinta, marigayi Laurence Olivier, shahararren ɗan wasan kwaikwayo: ita mai gidan, da Maggie, da Judi Dench, da Eileen Atkins. Ukun ƙarshen duk haihuwar 1934 ne, kwana 19 kacal tsakanin Judi da Maggie. Suna hira, ana sako tsofaffin hotuna da guntayen wasanninsu.

A nan na ga Maggie da ban sani ba. Yarinyar da ta fara hawa dandamali a Oxford a 1952 tana da shekara 17, wadda ta fito a matsayin Desdemona, matar Othello a wasan Shakespeare, a gaban Olivier a 1964 lokacin da National Theatre, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan, ke jaririya. Ta ba da labarin marin da ya sharara mata a kan dandamali har ta ga taurari, ta kuma faɗe shi a gaban matarsa, a cikin gidansa. Sau uku na mayar da wurin baya. Ba don labarin kawai ba, don fuskarta: ta ɗan ɗage gira, ta bar maganar ta sauka, ba ta yi saurin cike shirun ba. Sai na gane inda dattijuwar Downton ta samo iya jefa magana. Shekaru ne na tsayawa gaban mutane masu rai, inda ba a cewa a sake ɗauka.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne hirarsu kan fitowa a matsayin Cleopatra, sarauniyar Masar a wasan Shakespeare. Mata ne da duniya ta gama yi wa tafi, amma ga su suna faɗin yadda wannan rawa ta tsorata su. Maggie ta taka ta a Stratford ta Kanada a 1976, nesa da masu sukar Landan. Judi ta yi tata a 1987 tare da Anthony Hopkins, bayan ta yi ta kokwanto ko ta dace. Maggie, macen da ta ci lambar yabon fim ta Oscar sau biyu, ɗaya kan The Prime of Miss Jean Brodie na 1969, ɗaya kan California Suite na 1978, tana gaya maka gabanta bai daina faɗuwa ba. Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci.

Tsufa ma ba su ɓoye shi ba. Joan ta riga ta rasa ganinta lokacin da aka ɗauki fim ɗin, idon Judi shi ma yana ja da baya. Yadda sauran ke juyowa su maimaita wa Joan abin da ya wuce ta, ba tare da sun mai da ita abin tausayi ba, ya isa dalilin kallo. Joan ta bi bayan Maggie a Janairun 2025, saboda haka kallon yanzu yana da nauyin da ba shi da shi a 2018.

Inda faifan ya gaza mini: lokacin ya yi kaɗan a raba wa mutum huɗu, kuma hirar tana tsalle daga suna zuwa suna kamar kowa ya san mutanen. Wanda ke neman tarihin Maggie a jere daga farko zuwa ƙarshe ba zai same shi a nan ba. Turancin nasu kuma yana da sauri, suna haɗiye kalma suna dariya a kan maganar juna, don haka idan naka faifan yana da rubutun ƙasa, ka kunna tun farko.

Shekara ɗaya bayan fitowar fim ɗin, a 2019, Maggie ta koma dandamali a Landan tana da shekara 84, ita kaɗai a kan kujera a wasan A German Life, bayan shekara 12 rabonta da dandamali. Wannan ba ya cikin faifan. 'Yata ce ta binciko mini shi daren da muka kalla tare, ta kuma ce in bar mata faifan a ɗakinta.