Wata shida ina aiki da Galaxy

Ranar da sakamakon ƙwayoyin bakteriyar da nake nazari ya dawo daga inda ake karanta jerin DNA, fayiloli 24 aka turo mini, bibbiyu ga kowane samfur. Na buɗe guda ɗaya, kwamfutata ta tsaya cik. Layuka ne miliyoyi na A, C, G da T, ba kai ba gindi. Manhajar da ake saya da kuɗi wadda muka saba dogara da ita lasisinta ya ƙare, ni kuma a lokacin ban iya rubuta umarni a baƙin allon nan na masana kwamfuta ba. Wata abokiyar aiki ce ta ce in gwada Galaxy.

Galaxy dandali ne na nazarin bayanan halitta da ake shiga ta burauza, ba sai ka girka komai ba. An fara shi a 2005 a Jami'ar Penn State ta Amurka, a hannun Anton Nekrutenko da marigayi James Taylor, kuma tushen manhajar a buɗe yake ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Akwai manyan rassa na kyauta a Amurka da Ostireliya da Turai. Na Turai, wanda ake gudanarwa daga Freiburg a Jamus, shi na yi rajista da shi, aka ba ni wurin ajiya na gigabait 250.

Aikin kansa bai ba ni wuya ba. Na duba ingancin bayanan da FastQC, na datse gefuna marasa kyau na guntayen jerin DNA ɗin da Trimmomatic, na harhaɗa guntayen da SPAdes, sannan Prokka ya nuna mini inda kowace ƙwayar gado take. Duk aikin da ka tura yana fitowa a gefen dama cikin ɗan akwati: toka-toka idan yana layi, ruwan lemo idan ana kan yinsa, kore idan ya kammala, ja idan ya ci karo da matsala. Nakan tura aiki da dare, in rufe kwamfuta, da safe in tarar da akwatunan sun yi kore.

Amma ba sauƙin danne-danne ne ya sa nake wannan rubutu ba. A mako na biyu na maƙale. Na buɗe Trimmomatic, ya ƙi nuna mini fayilolina, alhali ga su nan ina kallo. Kwana biyu ina fama. Da na gaji sai na rubuta tambaya ga masu taimakon juna na Galaxy, ina ta dogon bayani. Wata baiwar Allah da ban taɓa sani ba ta amsa da layi ɗaya, ta ce in turo mata mahaɗin tarihin aikina. Na tura. Ta shiga, ta ga duk abin da na yi tun daga farko kamar tana zaune kusa da ni, ta gano cewa ni ne na zaɓi nau'in fayil da ba daidai ba lokacin lodawa. Ta ce in danna alamar fensir, in mayar da shi fastqsanger. Minti biyu bai kai ba.

Wannan tarihin aiki shi ne zuciyar Galaxy a wurina. Yana riƙe kowane mataki, da sigar manhajar da aka yi amfani da ita, da kowace lamba da ka sa. Bayan wata huɗu malamina ya tambaye ni wace sigar SPAdes na yi aiki da ita, kuma a wane tsayi na datse guntayen. Da a littafina zan nema, da na sha kunya. Na buɗe tarihin, komai na nan. Daga cikinsa na fitar da tsarin aiki guda, na ɗora shi kan sababbin samfura ba tare da na sake danna matakan ɗaya bayan ɗaya ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne sanin daga ina kayan suka fito. FastQC daga Cibiyar Babraham yake, kusa da Kambirij a Ingila. SPAdes masu bincike ne a birnin Sen Fitasbag na Rasha suka ƙirƙiro shi. Prokka kuwa Torsten Seemann ne ya rubuta shi a Ostireliya. Babu wanda ya nemi komai a wurina. Wannan ɗabi'a ta daɗe a fagen: tun a taron Bamuda na 1996 masu aikin karanta jerin DNA na ɗan Adam suka amince su riƙa sakin bayanansu ga kowa cikin sa'o'i 24.

Wanda zai shiga ya san wasu abubuwa. Gigabait 250 yana cika da wuri, domin kowane mataki sabon fayil yake haifarwa, kuma goge fayil kawai ba ya dawo da wurin sai ka share shi kwata-kwata. Na kowa ne, don haka wani lokaci sai ka bi layi. Bayanan marasa lafiya da za a iya gane masu su ba na ɗorawa a dandalin jama'a ba ne. Sannan akwati ya yi kore ba ya nufin sakamakon daidai ne. Sai da na zauna na bi darussan Galaxy Training Network, waɗanda su ma 'yan sa-kai ne ke rubuta su, kafin na fahimci abin da zane-zanen FastQC ke faɗa mini.

Damuwata ɗaya ce: yawancin wannan hidima a kan tallafin bincike da lokacin mutane take tsaye, kuma mu masu amfana mun fi masu gyara yawa nesa ba kusa ba. Ban kai ga rubuta manhaja ba tukuna, amma na fara amsa tambayoyin sababbin shiga a abin da na sani. A rahoton da nake rubutawa yanzu na ambaci kowace manhaja da sunanta da sigarta da takardar masu ita. Ɗanyen bayanan zan zuba su a ENA, rumbun Turai na ajiye jerin DNA da kowa ke iya dubawa, mahaɗin tarihin aikin kuma yana cikin sashen hanyoyin bincike.