A Ingila ana biyan ɗaruruwan fam a kama kifi a mayar da shi ruwa

'Yan uwa, ina fata kuna lafiya, ya ruwa, ya gari. Akwai wani ƙaramin gari a kudancin Ingila mai suna Stockbridge, a gundumar Hampshire, wanda rassan kogin Test suke ratsawa ta ƙarƙashin babban titinsa. Duk wanda ya leƙa daga bakin titin zai ga kifaye a fili, wasu manya-manya, suna tsaye cikin ruwa garai-garai, yara na jefa musu burodi. Ba mai taɓa su. Sunan kifin tirawut, mai ɗigo-ɗigo baƙi da ja a jiki, kuma ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi da tsabta. Idan ka tambayi yadda ake kama shi, sai a gaya maka abin da zai hana ka barci: a wasu sassan kogin, izinin wuni ɗaya ɗaruruwan fam ne, kuma idan ka kama kifi ɗan asalin kogin, wato wanda ba na kiwo ba, sai ka cire masa ƙugiya a hankali ka mayar da shi.

Ka kai wa Basarke a Yawuri wannan labari ka ji abin da zai ce maka.

Ga yadda abin yake. A nan kogi yana da masu shi, gaɓa-gaɓa. Mai gonar da ke bakin ruwa, ko wata ƙungiya, shi ke da haƙƙin kamun kifi a wannan yanki, shi kuma yake sayar da izini. Ƙungiyar Houghton, wadda ke da mazauni a Stockbridge, tun 1822 take, kuma kuɗi kaɗai ba ya shigar da mutum cikinta. Ban da izinin mai ruwa, sai ka sayi lasisin gwamnati, wanda ya wajaba a kan duk wanda ya kai shekara 13. Lasisin shekara na tirawut bai kai fam 40 ba, ana sayensa ta intanet cikin minti kaɗan ba tare da ka ga fuskar ma'aikaci ba, balle a ce maka oga bai shigo ba. Wanda aka kama ba lasisi kuma tararsa tana iya kaiwa fam 2,500. Lokacin kamun daga wajen Afrilu ne zuwa farkon Oktoba. Tsada tana kai ƙololuwa daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da wani ƙwaro mai fuka-fukai yake fitowa daga ƙasan kogi ya cika sararin ruwa kamar yadda shinge ke fitowa bayan ruwan fari, kifi kuma ya haukace da ci.

Wannan ƙwaro da 'yan uwansa su ne tushen sana'ar. Ba a sa tana, ba a sa tuwo a ƙugiya. Ana ɗaura gashin zakara da zare da ɗan gashin dabba a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci a wannan sa'a, a jefa ta gaban kifin da ka riga ka gani da idonka, ruwa ya kawo masa ita. A mafi yawan sassan Test doka ce ka jefa sama da kifin, wato inda ruwa ke gangarowa, kuma a wurare da dama ba a yarda ka taka cikin ruwan ba. Wani mutum mai suna Halford ne ya kafa wannan tsari da rubuce-rubucensa tun wajen 1886, har yau kuma ana bin sa kamar wahayi. Wannan ɓangaren yana da ban haushi, domin akwai nuna isa a ciki, kuma baƙo ba ya rasa mai kallonsa sama da ƙasa.

Kayan aikin kuwa, a nan dole mutum ya sara musu. Sandar da aka fi amfani da ita tsawonta ƙafa 9, lamba 5, gaɓa huɗu, an yi ta da zaren kabon, nauyinta bai kai giram 100 ba. Da yake ƙwaron ƙaryar ba shi da nauyi, igiyar ce take ɗauke da nauyin jifa. Igiya lamba 5 tana da nauyin giram 9 da ɗan ɗoriya a ƙafa 30 na farko, shi ya sa dole lambar igiya ta dace da lambar sanda. Ka sa mara nauyi, sanda ba za ta lanƙwasa ta harba ba. Ka sa mai nauyi da yawa, jifa ya riƙa faɗuwa a gabanka. A bakin igiyar ana ƙulla zaren nailan mai ƙafa 9 wanda yake sirancewa har ƙarshensa ya koma kaurin milimita 0.15, wanda abin da bai wuce kilo biyu da 'yan kai ba zai tsinka shi. Wajen jifa, ana ɗaga sanda a tsayar da ita cak kaɗan bayan kai, a dakata igiya ta miƙe a baya, sannan a turo gaba a sake tsayarwa. Idan ka ji ƙara kamar ta bulala a bayanka, to ka yi garajen turo sandar gaba ke nan, kuma galibi ƙwaronka ya riga ya tsinke ya tafi.

Sanda mai kyau tana kamawa daga fam ɗari da wani abu zuwa kusan dubu, don haka kula da ita ba wasa ba ne. Abin mamaki, kifi ba shi ne ya fi karya ta ba. Ƙofar mota ce, sai tafiya da tsininta a gaba har ya caki ƙasa ko reshe, sai ɗaga ta tsaye cir yayin jawo kifi zuwa koma, wanda ke tara duk nauyin a kan siririn kanta. Na huɗu shi ne ƙwaron ƙarya mai ƙwallon ƙarfe a ka: idan ya bugi sanda a wajen jifa yakan bar ɗan tabo da ido ba ya gani, bayan mako biyu ta karye daidai wurin, mai ita yana zagin kamfani. Mahaɗar gaɓoɓi ma tana kashe sanda. Idan ta yi sako-sako ana cikin jifa, bakin gaɓar da ke waje yakan tsage. Maganinsa kyandir: a goga kaɗan a gaɓar da ke shiga ciki, a cusa ta a karkace kamar rubu'in juyi, a murɗa har zobban da igiya ke bi ta cikinsu su daidaita, a kuma riƙa dubawa bayan kowace sa'a. Idan ta maƙale, kada a kama zobba a ja, za su ɓalle. A riƙe sandar ta bayan gwiwoyi, hannu ɗaya a kowane gefen mahaɗar, a buɗe ƙafafu a hankali. Kada a mayar da ita cikin bututunta da danshi, domin mariƙinta ɓawon itace ne mai taushi, yana yin fumfuna, fentin da ke rufe ɗaurin zobba kuma yana yin fari-fari. A goge, a bar ta ta kwana a waje. Igiya kuma a wanke ta da ruwan ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi, a ja ta cikin tsumma. Maganin sauro na shafawa yana cin robar jikinta, zafin cikin mota yana fasa ta. Kuma kabon yana ɗaukar wutar lantarki, saboda haka a ƙarƙashin wayar wuta ko idan hadari ya fara walƙiya, a kwantar da ita.

Idan duk da haka ta karye, kamfanoni da yawa suna sayar maka da gaɓar da ta karye kaɗai, ka biya kuɗi kaɗan ta zo maka ta gidan waya. Wani kamfanin yana ba da garantin shekara 25. Mu da muka saba da "kaya in ya fita ba a dawowa da shi", sai mun karanta takardar sau biyu.

Amma kuɗin nan da ake biya, mafi yawansa kogin ne yake ci. Test da maƙwabcinsa Itchen suna ɓulɓulowa ne daga ƙarƙashin dutsen alli, ruwan yana fitowa da sanyin digiri 10 zuwa 11 rani da damina. Irin waɗannan koguna kaɗan ne a duniya, kuma mafi yawansu a Ingila suke. Kowane yanki yana da ma'aikaci na dindindin mai kula da shi: yana yanke ciyawar ruwa a ranakun da aka tsayar a Yuni da Yuli da Agusta, kowa a lokaci ɗaya don ciyawar wani kada ta toshe wa na ƙasa ruwa, yana gyara gaɓa, yana wanke tsakuwar da kifi ke ƙwai a kai. Tirawut tana haƙa rami a tsakuwa da jelarta tsakanin Nuwamba da Janairu, ta zuba ƙwai ta rufe. Ƙwan yana numfashi ne da ruwan da ke ratsa tsakanin tsakuwa. Da zarar laka ta cike waɗannan ƙofofi, ƙwan ya mutu, kuma ba wanda zai gani sai bayan shekara biyu a tarar babu ƙananan kifi. Shi ya sa masu kamun kifi suke faɗa da masu gine-gine. Sabuwar unguwa tana kawo kwalta da rufi, ruwan sama ya daina shiga ƙasa, ya kwararo da zafi da laka da man mota. Ruwa kuma idan ya haura digiri 20, iskar oksijin ta ragu, tirawut ta fara galabaita. Ga rijiyoyin burtsatse na kamfanin ruwa suna zuƙe allin da ke ciyar da kogin.

Dokokinsu suna da haƙori. Aiki a cikin mita 8 daga gaɓar babban kogi sai da izini. Manomi ba ya zuba takin dabbobi a cikin mita 10 daga ruwa. A 2019 an dakatar da ba da izinin gina dubban gidaje a wannan yanki har sai mai ginin ya nuna cewa gidajensa ba za su ƙara sinadarin naitirojin a ruwa ba, wasu har sai da suka biya aka daina noma wasu gonaki don a rama. Masu kamun kifi da kansu suna sa kai kowane wata: mutum ya shiga da koma, ya burkuta tsakuwa da ƙafa na minti uku, ya ƙirga ƙwarin da suka shiga. Da haka aka gano a 2013 cewa maganin ƙwari ya shiga kogin Kennet ya kashe ƙwarin ruwa na tsawon wajen kilomita 15, kuma an kiyasta abin da ya zuba bai wuce ƙaramin cokali biyu ba. Mu kuma akwai mai tuttula kwalbar gamalin a tafki da rana tsaka, ya kwashe abin da ya taso ya kai kasuwa, mu saya mu ci.

Kada dai a ɗauka waliyyai ne. A 2021 kotu ta ci kamfanin Southern Water tarar fam miliyan 90 saboda kwararar da ruwan masai da ba a tace ba cikin koguna da bakin teku tsakanin 2010 da 2015. Kuma yawancin manyan kifayen da mai kuɗi ke ɗaukar hoto da su a Test na kiwo ne, an zuba su ne don shi, su ne ma ake yarda ya tafi da ɗaya ko biyu gida. Tun 2015 doka ta ce irin waɗannan su zama waɗanda ba sa haihuwa, don kada su gurɓata irin na asali. Ɗanɗano kuwa, Allah na tuba, bai kama ƙafar bandar tarwaɗa ta Baga a miyar kuka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Matan Fada a Argungu rufe shi ake yi, ba mai jefa homa sai ranar da aka buɗe, kuma saboda haka ne ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Sarkin Ruwa yana da iko, ana jin maganarsa. Dokar kamun kifi ta 1992 ma ta haramta guba da nakiya. Amma je ka ga ana tace ruwa da gidan sauron da aka raba don mata masu ciki, ana kwashe 'ya'yan karfasa da ba su kai ɗan yatsa ba. Je ka ga kalar ruwan da ke fita daga masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa, ko abin da Jakara ta zama. Bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta canza, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta suka bi ta kansu.

Ga wanda ke sha'awar kawo irin wannan sanda gida, tana aiki, domin Turawa suna biyan kuɗi masu yawa su je kogin Faro a arewacin Kamaru su kama giwan ruwa da tsage da ita, su kuma sake su. Sai dai kayan tirawut ba za su yi ba. Tsage tana son sanda lamba 8 ko 9, da ɗan guntun waya tsakanin ƙugiya da zare, in ba haka ba haƙoranta za su datse shi a cizon farko. Giwan ruwa sai lamba 12. Igiya kuma dole a nemi wadda aka yi don ƙasashe masu zafi, mai tauri a ciki, domin ta Ingila idan ta sha ranar Maris sai ta yi laushi ta riƙa manne wa zobba, ta ƙi fita. A taho da gaɓar kai ta biyu a ajiye, don babu gidan wayar da zai kawo maka wata a bakin Kainji.